Fatar Gurmin Dalhatu

Gab da magariba Aina'u ta fito daga Panshekara da gurmin mijinta a cikin buhu, ba da saninsa ba. Za ta mayar da fatar inda aka samo ta.

Dalhatu ma'aikacin kamfanin jima ne a Challawa. Tun da ya bar ƙungiyar makaɗa yake neman amon da babu mai irinsa. Wata yamma ya tsinci fata a kwatar bayan kamfani, mai laushi kamar kuncin jariri, ya rufe ƙwaryar gurminsa da ita. Amon ya fito da wani nishi a ƙarƙashinsa. Matasa suka yi ta tura wa juna kiɗan a waya.

Sai dai fatar ta ƙi bushewa. In ya kara ta a garwashi, gumi take yi. Kowace safiya sai ya aske mata gashi da reza. Yatsunsa, waɗanda Aina'u ta fara so tun kafin ta lura da fuskarsa, suka soma saɓulewa, suna ƙarnin mushe. Ta daina iya haɗa kwano da shi.

Ruwan kwatar baƙi ne, yana tafiya da ƙyar, da koren kumfa a kai. Wari ya shige mata har maƙogwaro. Ta tsuguna, ta sa wuƙa ta yanke ɗinkin.

Fatar ta motsa a tafinta. Da ɗuminta.

Ƙarar injinan kamfanin ta ɗauke.

A tsallaken kwata wata mata na zaune, ta juya baya. Daga kafaɗa zuwa ƙugu babu fata, sai jan nama da ƙudaje.

"Ya iya taɓawa," in ji matar, ƙasa-ƙasa. "Mayar masa."

"Mijina ne, baiwar Allah."

"Wata uku hannunsa na kan bayana."

Aina'u ta miƙe zumbur. Ta wurga fatar tana a'uziyya. Wani abu mai santsi ya cafke gefen mayafinta daga cikin ruwa.

Ta bar masa mayafin, ta suri ƙwaryar gurmin da gudu.

Ba ta tsaya ba sai a bakin titi, inda ladan ke kiran salla.

Dalhatu bai tambaye ta komai ba. Ya sa wa gurmin fatar akuya, yatsunsa suka warke. Yanzu in yana kiɗa, yakan tsaya cak a tsakiyar waƙa, ya ɗora tafi a kan gurmin, sannan ya ci gaba. Masu saurare na cewa wannan shirun ne ya fitar da shi daban.

Aina'u ta san me yake yi. Yana duba ko fatar na numfashi.