Takalmin Auta

Da yammacin wata Laraba wani mai walda ya rufe shago ya nufi wurin mai gyaran takalmi. Dunduniyar hagu ce ta buɗe baki. Ƙaramin aiki ne, ƙusa huɗu da gam.

Kwanansa arba'in da dawowa. Wata goma sha huɗu ya yi a waje, ƙasa biyar, daga wannan tashar jiragen ruwa zuwa waccan, yana liƙe ƙarfe a can ƙasan jirgi inda zafi ke dafa mutum da ransa. Ya kwana a benci, ya kwana a kan buhu. Ya dawo da ciwon baya da ido mai zubar ruwa. Amma ya dawo da injin walda sabo fil da janareta, ya buɗe shago nasa na kansa bayan shekara talatin yana yi wa wasu aiki. Matarsa ta samu keken ɗinki. Kowa ya ce tafiya ta yi albarka.

Su biyu suka tafi, shi da ƙaninsa Auta. Shi kaɗai ya dawo.

Abin da ya faɗa wa gida shi ne zazzaɓi ya kashe Auta a kan cinyarsa, kuma da hannunsa ya binne shi. Matar Auta ta share hawaye ta ce, "Na gode Allah da kana kansa, Yaya." Duk ranar da ya leƙa gaishe ta sai ta maimaita. Duk ranar kuwa ba ya iya cin abinci.

Rumfar mai gyara tana ƙarshen wani lungu a bayan kasuwa. Warin gam, warin fata, warin kwata. Rana ta kusa faɗuwa, masu shaguna suna ta jan ƙofofin ƙarfe.

"A'a, matafiyi!" in ji mai gyara. "An ce ka zagaye duniya, ashe a ƙafa ka zagaye ta."

"Dunduniya ce. Yi sauri."

Ya tuɓe takalmin ya miƙa, ya zauna a benci, ya ɗora ƙafafunsa a kan kwali. Takalmin aiki ne mai ƙarfe a baki. Mai gyara ya kifa shi, ya shafa ƙasansa da babban yatsa, ya daina dariya.

"Wannan ba naka ba ne."

"Nawa ne."

"Haba malam. Shekara nawa ina gyara maka takalmi? Kai daidai kake taka ƙasa. Mai wannan jan ƙafar hagu yake yi. Dubi yadda gefen ya cinye." Ya kai shi kusa da ido. "Kuma cin sabo ne. Kamar jiya aka ja shi."



Aka kira salla. Mai gyara ya ajiye takalmin a kan akwati ya ce ƙusa ta ƙare masa, zai yi salla ya karɓo. "Ba ka zuwa?"

"In je da me?"

Maganar na fita daga bakinsa ya gane ta. Ya taɓa jin irinta.

A ƙasa ta huɗu ne. Auta na kwance a wani ƙaramin asibiti kusa da tasha, zazzaɓi na kaɗa shi. An samu aikin wata uku a wani jirgin ruwa mai tashi a ranar, aikin da ya sayi injin nan. Ba a shiga jirgin sai da takalmi mai ƙarfe, nasa kuwa an sace. Ya sunkuya ya zaro na Auta daga ƙarƙashin gado. Da ya ɗago, idon Auta a buɗe.

"Yaya, in na tashi, da me zan biyo ka?"

"Kwanta. Yanzu zan dawo."

Bai dawo ba. Jirgin ya sauke shi a wata ƙasar, daga can ya yo gida. Ko Auta ya mutu a ranar, ko bayan sati, ko wa ya binne shi, bai sani ba. Bai tambaya ba.

Lungun ya yi tsit. Fitilar rumfar ta yi ja, ta dushe.

Sai ya ji tafiya daga bakin lungu.

Ba takalmi. Tafin ƙafa ne a kan siminti. Taku ɗaya, sai ja. Taku ɗaya, sai ja.

Ya ce a ransa almara ce. Matattu ba sa dawowa. Aljani ne ke ɗaukar kamar mutum, haka ya sani tun yana yaro. Ya nemi addu'a a bakinsa, harshe ya ƙi juyawa.

Warin gam ya ɓace. Warin ruwan gishiri ya taso, da tsatsa, da maganin wanke asibiti.

Taku ɗaya, sai ja.

Benci ya yi ƙara. Wani ya zauna kusa da shi. Zafi na fitowa daga jikinsa kamar ƙarfen da aka gama liƙewa.

Bai ɗaga kai ba. Ƙasa ya duba.

Ƙafafu biyu kusa da nasa. Sun kumbura. Sun tsattsage har nama. Babu farce ko ɗaya. Akwai ƙurar ja a jikinsu, da baƙar laka, da farin yashi, ƙasar wurare dabam-dabam. A idon sawun hagu ga tabon ƙuna. Shi ya yi masa tabon nan da kansa, ranar da ya fara koya masa walda.

"Yaya."

Murya ƙasa-ƙasa, a gajiye.

"Hanyar da nisa."



"Na jira ka har la'asar."

"Ka yafe mini," in ji mai walda.

"Me ka ce mata?"

Mai walda ya runtse ido.

"Yaya. Me ka ce wa matata?"

Hannu ya sauka a gwiwarsa. Zafin ya ratsa wando.

Ya zabura. Ya yi karo da akwati, gwangwanaye suka watse. Ya ruga ƙafa ba takalmi, ya taka kwalba, bai ji ba. A bayansa babu gudu. Taku ɗaya, sai ja, a hankali, kamar mai tafiyar ya san inda za a je.

Bai tsaya ba sai ƙofar gidan Auta. Matar ta fito da fitila, ta ga jini a dakali.

"Yaya! Lafiya?"

Ya durƙusa a gabanta, mutum mai furfura. Ya faɗi komai, tun daga gadon asibiti har takalmin da ya zaro daga ƙarƙashinsa. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon ƙafafunsa.

"Da ransa ka bar shi?"

"Da ransa."

Ta shiga ciki ta rufe ƙofa.

Da safe ya koma rumfar da ƙafa a ɗaure. Mai gyara ya ce da ya dawo daga salla bai tarar da kowa ba, takalmin ma babu. Sai sawun ƙafa a kan kwali, ya jiƙe, kuma har safiyar bai bushe ba. A gwiwar mai walda akwai shatin yatsu biyar. Bai nuna wa kowa ba.

Cikin sati ya sayar da injin da janareta, ya haɗa kuɗin komawa inda ya baro Auta. Matarsa ta ce ya haukace. Matar Auta ba ta sake ce masa Yaya ba, amma ranar tafiya ta aiko masa da hoton mijinta, don ya nuna a asibitin can, ko akwai wanda zai tuna inda aka sa shi.

A tashar mota, yana jiran a cika, ya ji tafiya ta zo ta tsaya a gefensa. Taku ɗaya, sai ja.

Wannan karon da takalmi.

Bai waiwaya ba. Ya matsa kaɗan a benci, ya bar wuri.