Maƙwabciyar Cikin Kogo

Ƙawata, matso kusa, ki yi bisimilla kafin ki ji wannan.

Wata mai wankau ce, mijinta ya rasu ya bar ta da goyo. Ranar da mai gidan haya ya watso mata kaya waje, sai ta gangara kogwannin ƙarƙashin tsohon birni, inda talakawan da suka sassaƙe dutse suka zauna, mutum da akuyarsa ɗaki guda. A can kakarta ta girma. Ita ta gaya mata kowane bango yana da ɗan rami, ta nan maƙwabta ke miƙa wa juna abin da ya sawwaƙa, kuma ba a mayar da hannu wofi.

An daɗe da kwashe mutane daga wurin. Sai warin jemage da tsohon hayaƙi.

Gab da magariba ta hura wuta, ta kwantar da yaron jikin bango. Ruwa na ɗiga, ɗis, ɗis.

"Maƙwabciya, a sam mini wuta."

Murya ce ta mace, ƙasa-ƙasa. Hannu ya leƙo ta ramin, siriri kamar tsinke. Mai wankau ta ce a ranta, ashe da wata 'yar'uwar wahala a nan. Ta miƙa garwashi a kasko.

Hannun ya ture kaskon. Ya damƙi garwashin tsirara.

"Maƙwabciya, gishiri."

Ta miƙa. Ta nemi Ayatul Kursiyyu, harshenta ya ƙi karantawa.

"Maƙwabciya, nawa ɗan yunwa ta kashe shi, ga nono ya cika mini ƙirji. Ara mini naki."

"Baiwar Allah, ba a aron ɗa."

"Kakarki ba ta taɓa hana ni ba."

Hannun ya yi ta tsawo. Ya bi ƙasa yana lalube. Ya kama ƙafar yaron.

Sai a lokacin harshenta ya saku. Ta kira sunan Allah da ƙarfi, ta fizge ɗanta, ta fita ba mayafi ba takalmi, muryar nan na kuka a bayanta.

Yanzu suna zaune wurin yayarta. Yaron ya daina kama nono, amma kullum ƙiba yake. Da magariba sai ya juya wajen bango yana tsotsar iska, madara na gangaro masa a haɓa.

Don Allah ƙawata, ki bar zancen a cikinki, uwar ba ta san na sani ba.