An Yi Wa Saja Canji

Ƙarya Kurtu ya yi wa kakarsa, kuma ƙaryar ce ta kashe ta. Masu cewa wa'adi ne sun faɗi gaskiya, amma ba su faɗe ta duka ba.

Kakar ita ce Malama. Shekara talatin da huɗu ta yi tana koyarwa a firamare. Mijinta soja ne, Saja kowa yake ce masa, har ita. Bariki goma sha ɗaya ta bi shi kafin ya rasu, shekara ashirin da suka wuce. Ita ta raini jikan nan tun yana wata bakwai da uwarsa ta rasu, ita ta laƙaba masa Kurtu saboda yadda yake buga ƙafa in yana tafiya.

Da tsufa ya yi nisa, mantuwa ta kama ta. A wurinta Saja yana bakin aiki, yau ko gobe zai dawo. Baƙo in ya shigo sai ta duba farcensa. Ranar da mahaifiyar budurwar Kurtu ta zo gaishe ta, tsayar da ita ta yi a bakin ƙofa, wai ta makara.

Budurwar ma'aikaciyar jinya ce, Nas ake ce mata. A bakin asibiti ta faɗa masa, idonta jawur.

"Mama ta ce ba za ta ba ka ni ba. Wai in yi jinya a wurin aiki, in dawo gida in ɗora wata..."

"Ke me kika ce?"

"Na ce ina son Malama! Ka ba ni wata uku, masoyi, zan shawo kan Mama."

"Bara ma wata uku kika ce. Rabin raina, na gaji!"

"To ka gaji. Amma kada ka yi abin da ban sa ka ba."

Ya yi. Ya samo gidan kula da tsofaffi a bayan gari. Malama ta ce ko da igiya ba za ta je ba.

"Saja ya dawo ya tarar da gida a rufe? Kai Kurtu, kanka ɗaya kuwa?"

Kwana uku yana neman dabara. A na huɗu ya shigo da hantsi ya durƙusa a gabanta.

"Kaka, an yi wa Saja canji. Ya riga ya yi gaba, ya ce ki biyo shi yau."

Tsohuwar da sai an kama ta take miƙewa, ta tashi da kanta.

"Ina kuma wannan karon?"

"Bai faɗa ba..."

"Halinsa ke nan!" Ta yi dariya. "Jawo min akwatin ƙarfe, sarkin lalaci."

Cikin minti arba'in ta gama. Kofuna a naɗe cikin zannuwa, littattafai a ƙasa, takalma a gefe, hannunta bai manta komai ba. Ta zauna gaban madubi ta zizara kwalli.

"Ya fuskata? Kada ya ce na tsufa."

"Kin yi kyau, Kaka."

"Munafuki," ta ce, tana murmushi.

Rabin al'adarta Kurtu ya tuna, rabin da zai amfane shi. Ɗaya rabin kuwa ta faɗa masa ya fi sau ɗari yana yaro: duk barikin da suka sauka, ba ta shiga gida, ba ta kwance kaya, sai Saja ya zo da mukulli ya buɗe mata da hannunsa.

Da aka sauke ta, ta sa aka ajiye akwatin a baranda, ta zauna a kai tana fuskantar hanya. Shugabar gidan ta lallashe ta.

"Mama, ga ɗakinki a buɗe."

"Ba ke za ki buɗe min ba, 'yata. Yana zuwa."

In an ɗauke ta an kai ciki, sai ta rarrafo ta dawo. Abinci sai ta ɗan taɓa ta rufe sauran, wai nasa ne. Damina ce, feshin ruwa yana dukan barandar.

Sau ɗaya Kurtu ya je. Ta kama rigarsa.

"Ka gan shi?"

Ranar yana iya ɗaukar ta ya mayar gida. Mota tana bakin ƙofa. Ya ce, "Yana hanya, Kaka." Ya tafi.

Ita kuwa Nas, Kurtu ce mata ya yi Malama ta je ganin dangi. A rana ta goma sha biyu aka kira asibitinsu ana neman wanda zai duba wata tsohuwa da sanyi ya kama wa ƙirji. Nas aka tura.

Ta tsaya a barandar jakarta ta faɗi.

"Malama!"

"Yauwa 'yata, zo ki duba min hanya, idona ya yi rauni. Dogo ne, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu... In kin gan shi ki gyara min ɗankwali."

Nas ta gyara mata ɗankwalin tana kuka. Ta roƙe ta su tafi asibiti, ta ƙi. Washegari da safe ta cika a kan akwatin, kanta a kafaɗar Nas.

Bayan an dawo daga maƙabarta Kurtu ya tare ta a ƙofar gida.

"Don ke na yi! Wallahi don ke..."

"Kada ka sake ka ɗora min!"

"Rabin raina, ki saurare ni..."

"Shekaranjiya Mama ta amince. Na ɓoye ne in faɗa maka a gaban Malama." Ta share fuska. "Wadda ta goya ka ma ka yi mata haka. Ni in na tsufa me za ka ce min in shiga mota?"



Nas ta auri wani bayan shekara. Rabin unguwar ɗaliban Malama ne, kuma duk sun ji labarin. Gida huɗu Kurtu ya nemi aure, gida huɗu aka hana shi. Yanzu shekararsa arba'in da biyar, yana zaune shi kaɗai a gidan da ya fitar da ita, in ya yi ciwo babu mai leƙa shi.