Takalmi a Ƙofar Gunki

Ƙarfe bakwai na safe aka kira Sufeto Vaishali Tandel, ko shayinta ba ta kurɓa ba. An tsinci gawa a dajin da Mumbai ta yi wa ƙawanya, gefen hanyar da masu hali ke hawa kullum don rage tumbi.

Mamacin Prabhakar Nimkar ne, shugaban ƙungiyar masu tattakin safe. An rotse masa ƙeya da dutse, aka ja shi daga hanya zuwa cikin rumfar Waghoba, gunkin damisa da mutanen ƙauyen daji ke bauta wa. Kafin ta iso, Saja ya riga ya sa wa mai kula da rumfar ankwa, wani tsoho ana ce masa Ladkya Bhoir.

'Yan ƙungiyar sun yi cirko-cirko, kowa da sandarsa da gorar ruwa. Wanda ya fi zaƙewa shi ne Hemant Karkhanis, tsohon shugabansu.

"Madam, me kike jira? Ga sawu nan babu takalmi! Wa ke yawo haka in ba waɗannan 'yan dajin ba? Jiya ma tsohon nan ya yi cacar baki da marigayi kan shara."

"Na tambaye ka?" in ji Sufeto, ko kallonsa ba ta yi ba.

Ladkya ya ɗago kai. "'Yata, mun yi faɗa, gaskiya ne. Amma in zubar da jini a gaban Waghoba? Ni?"

Ranta ya ɓaci. Ta san in aka wuce da tsohon nan, a gidan yari zai mutu yana jiran shari'a, babu mai tambayar inda yake.

Ta tsuguna a bakin rumfar. Jan garin ibada da ake barbaɗa wa gunkin ya haɗu da ruwan damina, ƙasa ta yi jawur. Sawun yana nan, ba na takalmi ba ne, amma babu alamar yatsa ko ɗaya. Ta dubi ƙafar Ladkya, duk faso, yatsu a baje kamar citta.

Ta miƙe ta fuskanci Karkhanis. "Ina kake da ƙarfe shida?"

"Saman tudu, ni kaɗai. Ban sauka daga hanya ba. Me zai kai ni wannan ƙazamin wuri?"

"To. Kowa ya cire takalmi."

Wuri ya kaure da ƙunƙuni, amma aka sunkuya ana kwance igiya. Karkhanis kaɗai ya ƙame.

"Kin san ko ni wane ne?"

"Yanzu zan sani. Saja, taimaka wa Yallaɓai, tumbi ya hana shi sunkuyawa."

Aka zare takalmin. Farar safa ce mai tsada, tafinta ya rine jawur.

Karkhanis ya sunkuyar da kai. "Shekara ashirin ina jagorantar ƙungiyar nan. Nimkar ya tsige ni, ya ce na tsufa, a gaban kowa! Kullum sai ya wuce ni a hanya yana min dariya."

"Sai ka jawo shi nan don a ce tsohon nan ne ya kashe shi."

"Ban ma san na cire ba," ya faɗa a hankali yana kallon ƙafarsa. "Wurin ibada ne. Ba a shiga da takalmi."

"Ka fasa kan mutum ko gezau, amma ka ji kunyar gunki."

Da hannunta ta kwance ankwar daga Ladkya ta ɗaura wa Karkhanis. Saja ya zuba safar da takalmin a leda.

"Takalmina fa? Tsakuwa ce har ƙasa!"

"Shaida ne yanzu," in ji Sufeto. "Kilomita uku ne zuwa mota. Baba Ladkya, shige gaba ka nuna masa yadda ake takawa."