Dutsen da Ba na Kakana Ba

Da almuru na koma lambun da muke ginawa a bayan birnin Suzhou, don in gwada sabon dutsen. Matata Ajuan ta biyo ni da kwanon taliya, tana mita.

A sana'armu, mutum yakan sassaƙa dutse ya nutsar a tafkin Taihu, ruwa ya yi shekaru yana huda shi, sai jikansa ya zo ya ciro. Na kakana ya fito ba fasali, mai lambun kuma ya ce in bai ga na kirki ba a nemo wani magini. Sai na ciro na kusa da shi, mai tambarin gidan Tao. Zuri'arsu ta ƙare tuntuni. Wa zai yi ƙara?

"Tsoho, dutsen mutane ne fa," in ji Ajuan.

"Mutanen suna ina? Ajiye kwanon."

Gwajin ba wuya: a kunna turare a gindinsa, in na kirki ne hayaƙi ya fito ta kowace kafa. Na kunna. Hayaƙin ya shige. Na zagaya sau uku, ko ɗigo bai fito ba.

Kwaɗin kududdufi suka yi tsit. Warin laka ya taso.

Na ce toshewa ce. Na zura hannun dama a wata kafa har gwiwar hannu.

Yatsu suka kama ni. Sanyi ƙalau, masu santsi, masu kanta irin ta masu riƙe kurfin sassaƙa dutse.

Na fizga. Aka ja. Kafaɗata ta yi ƙara.

Ta kowace kafa murya ta fito, ƙasa-ƙasa: "Jikan wa?"

Hannun nan shi ne abincina. Tsoro ya cika ni.

"Yi shiru," Ajuan ta raɗa. "Kar ka amsa."

Ƙashi ya fara ba da kai.

Na ce, "Naka ne, Kaka. Jikanka ne."

Dutsen ya yi ajiyar zuciya, hayaƙi ya bulbulo ko'ina. Aka shafa bayan hannuna a hankali, aka sake ni.

Mai lambun ya yaba dutsen, na ci gaba da aikina. Da bazara muka je sharar kaburburan kakanni, bisa al'adarmu. Na durƙusa gaban kabarin kakana na jini, wanda ya goya ni, na buɗe baki in gaishe shi, sunansa ya ɓace mini. Ajuan ta faɗa min. Kafin in ɗago kai ya sake ɓacewa.

Shekara tara ke nan tana faɗa min.