Ɗingishin Baba Othman

Areej na shanya a saman bene sai ta ji tafiya a matakala, ƙafa ɗaya na sauka, ɗaya na ja. Tafiyar surukinta Baba Othman ke nan, wanda aka binne bara. Ta juya, sai ga mijinta.

"Zaharadden! Me ya sami ƙafarka?"

"Wace ƙafa?"

Bai ma sani ba.

Sana'ar gidansu kwaikwayon mutanen dā ce a tsohon gari, bayan ƙofar garin da ake kira Bab Makka, baƙi na ta ɗaukar hoto. Baba Othman ne ke fitowa a ga-ruwa, garwa biyu a sanda, da ɗingishinsa na gaskiya. Da ya rasu, matarsa Ummi Mastura ta hana a yi sadaka da kayansa kamar yadda aka saba. Ta sa wa ɗanta Zaharadden rigar ga-ruwan uban, ta ce ya riƙa ɗingisawa, haka aka san mai ruwan. Rigar ba ta daina ƙamshin mamacin ba.

"Ya Ummi," in ji Zaharadden wata rana yana durƙushe, "kawun Areej ya ba mu aikin gonarsa a garin Khulais. Dabino da awaki. Husaini ƙanena ya riƙe sana'ar. Wallahi na gaji da zama mamaci."

"Ke ce!" Ummi ta nuna Areej. "Kin zo ki kwashe min abin da ya rage! Yalla, fita min!"

Areej ta yi kuka har idonta ya kumbura, amma da safe ita ta kai wa Ummi shayi. Da Zaharadden ya ce su tafi kawai, ta girgiza kai.

"Habibi, ba na taka gonar da uwa ba ta sa wa albarka ba. Mu jira."

Suka jira, ɗingishin na ƙaruwa.

Wata la'asar ya dawo da rigar a jikinsa, ya zauna ya ba ƙofa baya. Ummi ta kira shi, "Zaharadden!" Shiru. Ta sake, shiru. Can ta yi ƙasa da murya.

"Othman?"

Ya waiwayo a hankali. "Na'am, Mastura."

Ba muryar ɗanta ba ce. Carbin hannunta ya faɗi.

"Innalillahi! Miji na binne, ashe ɗana nake turawa a bayansa!" Ta kama rigar tana kuka. "Cire! Halas, ya isa, cire ta! Areej, 'yata, zo ki taya ni!"

Ranar Juma'a aka bayar da rigar sadaka. Ummi ta sa musu albarka, suka koma gonar.

A Khulais, Ummi da kanta ta ga ɗanta ya bi ɗan akuya a guje, ƙafa biyu lafiya lau. Ta kamo hannun Areej.

"Da kin janye shi tun farko, da har kabari ina tsine miki."

Ya ku 'yan'uwa, mamaci addu'a yake so, ba a raya shi a jikin mai rai ba. Kuma wadda ta yi haƙuri da uwar miji, wata rana uwa za ta samu.