Abin Da Yaya Ba Ya Gani

Ranar Asabar ce, falon Umma ya cika da 'ya'ya da jikoki kamar kullum. Amarya na zuba shayi – har yau Amarya ake kiranta a gidan, duk da auren ya kusa shekara – sai ta ga abin da ya faɗar mata da gaba. Ƙaramar 'yar Yaya, babban ɗan Umma, ta zo ta gefensa tana miƙa masa kofi, ta miƙa har hannunta ya gaji, shi kuwa ido buɗe yana kallon talabijin, bai san da ita ba. Da ya motsa, gwiwar hannunsa ta bugi kofin ya tarwatse a ƙasa.

Kowa ya yi dariya ban da Amarya. Gwajin ido ne aikinta a shagon tabarau, kuma ba yau ta fara ganin Yaya yana karo da ƙofa ba. Yaya kuwa, wan mijinta, shi ke tuƙa motar da ke kwasar yara zuwa makaranta.

Da lallami ta ja shi shagon. Haruffan allo ya karance su tas, har ƙananan na ƙasa, yana mata tsiya. "To likitar gidanmu, kin gani? Idona ras!" Amma da ta sa shi a na'urar da mutum ke kallon tsakiya yana danna maɓalli duk lokacin da haske ya gifta ta gefe, sai hasken ya yi ta giftawa, yatsan Yaya bai motsa ba.

"Yaya," ta ce a hankali, "gabanka kana gani, gefe ne ya tafi. Ka ga likitan ido cikin makon nan. Kuma don Allah ka ajiye tuƙi."

Kafin la'asar magana ta isa kunnen Umma, aka kira Amarya da mijinta, Auta, ƙarami a cikin 'ya'yan Umma maza.

"Daga shigowarki gidan nan sai ki makantar min da ɗa?" in ji Umma. "Wannan motar da kike rainawa ita ta yi wa mijinki karatu bayan rasuwar ubansu! In ke tamu ce, ki rufa mana asiri."

"Umma, yaran mutane yake ɗauka..."

"Haba Anti!" ƙanwar Auta ta cafe daga bakin ƙofa. "Wallahi ba ki da loyalti ko kaɗan. Famili fa ake magana!"

Amarya ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi kafet, kamar ranar ya fara ganinsa. Wannan shirun ya fi duk faɗan Umma yi mata ciwo.

A gida ne bakinsa ya buɗe. "Ban taɓa roƙon ki komai ba. Ki yi shiru kawai. Shiru fa! Ya yi shekaru yana tuƙi, ko kaza bai taɓa takawa ba."

"Ba zan zagaya bayansa in kai ƙararsa ba," ta ce, hawaye na zuba. "Shi nake so ya faɗa wa hukumar makarantar da bakinsa. Amma in hutun nan na tsakiyar zango ya wuce yana nan a kan sitiyari, zan je makarantar, kuma sai na gaya masa kafin in je."

"Ko da zai raba ni da ke?"

"Ina son ka, Allah ya sani. Kai kana son in goya wa Yaya baya, ni kuma ina son in riƙe masa amana. Ranar da ya kashe ɗan wani, goyon bayanmu zai fito da shi daga kurkuku? Zai bar shi ya yi barci?"

Auta ya buga ƙofa ya fita. Daga ranar gida ya zama kamar na makoki. Ta dafa, ya ƙi ci. Ta gaishe shi, ya amsa da ka. Ta kira Umma, aka kashe wayar. Tana kuka a bayi, ta wanke fuska ta tafi aiki, amma ba ta janye ko kalma ɗaya ba. Abu guda ta roƙe shi: ya bi Yaya a motar sau ɗaya, ya zauna kusa da shi, ya gani da idonsa.

Ya je, amma don ya ƙaryata ta ne kawai. Safiyar ƙarshe kafin hutu ya shiga motar, yara cike a baya suna ta surutu. Tun a layin farko ya lura Yaya na jujjuya kai dama da hagu ba hutawa, gumi na tsattsafo masa da sanyin safiya. A wata mararraba, wata mata mai goyo ta sako ƙafa kan titi daga gefe. Auta ya gan ta sarai. Yaya bai rage gudu ba.

"Yaya, birki! Birki!"

Taya ta yi ƙara, yara suka kwasa ihu, jakunkuna suka zube. Motar ta tsaya har gefen mayafin matar na taɓa fitila. Yaya ya gangara gefen hanya, ya kashe mota, ya kifa kai a kan sitiyari.

"Ban gan ta ba, Auta. Wallahi ban gan ta ba." Ya zare makulli ya danƙa wa ƙanensa. "Na daɗe da sani. Tsoro nake ji, ku kuma kuka taya ni ɓoyewa."

A ranar Yaya ya shiga ofishin shugabar makarantar da ƙafarsa ya faɗi gaskiya. Ba a kore shi ba, an mai da shi mai kula da gyaran motoci. Likita ya ce ruwan cikin ido ne ya hau, abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma da magani za a tsare sauran. Ya kuma ce ciwon na bin jini, a duba 'yan uwa.

Auta ya dawo gida ya durƙusa gaban matarsa, ya kasa haɗa ido da ita. "Ki yafe min. Duk gidanmu ke kaɗai kika so Yaya da gaske." Ta yi kukan da ta daɗe tana ɓoye masa, sannan ta ce ya tashi ya ci abinci.

Umma ba mai ba da haƙuri da baki ba ce. Bayan 'yan kwanaki sai ga ta a shagon, ta wuce kowa ta zauna a kujerar gwaji, ta ajiye jaka a cinya.

"'Yata, duba min nawa. Kuma abin da kika gani ki faɗa min, ko ba zan ji daɗinsa ba."

Masu goya mana baya a kan kuskure suna da yawa, kuma suna da daɗin zama. Mai riƙon amana kuwa zai iya ɓata maka rai yau don ya tsare maka gobe. In Allah ya ba ka irinsa a gida, kada ka kore shi.